Injin Jirgin Ilyasu

Da ruwa ya ja baya bana, kogin Nilu ya shiga amayar da abin da ya haɗiye a shekarun yaƙi. Motoci, firji, ƙafafun gado, ƙasusuwan jakai da ƙasusuwan da ba na jakai ba. Cikin wannan tarkacen ne wani Hazim, mai sana'ar tsamo ƙarfe daga kogi yana sayarwa, ya jawo ragowar wani jirgi daga laka a ƙasan Mugran, inda rassan Nilu biyu suke haɗuwa. Sai ya aika unguwar Alsawra ta Omdurman, gidan Usta Dauda, ya ce a zo a duba ko nasu ne.

Ni'mat ce ta karɓi saƙon, hannunta duk kumfa, tana wankin kayan surukanta. Ita ce matar Ilyasu, ɗan Usta Dauda. Ko kuwa bazawararsa ce? To nan fa ake yin ta, don ba wanda ya yarda ya gaya mata. Kafin yaƙi Ilyasu yana kula da jirgin wani likita ne, irin jiragen shan iska masu shira'i, wato babban farin ƙyallen nan da iska ke turawa, da ɗan injin dizal a ciki saboda ranar da iska ta ƙi. Likita ya gudu Alƙahira tun farkon harbi ya bar masa makulli. Da aka rufe gadoji, Ilyasu ya kwance sandar shira'in, domin farin ƙyalle a tsakiyar ruwa kiran harsashi ne, ya koma tsallako da mutane daga Khartum zuwa Omdurman da inji kaɗai. Tafiyarsa ta ƙarshe uwar Ni'mat ya je ɗaukowa, Hajja Su'ad, mai ciwon sukari, wadda yaƙi ya rutsa da ita a ɗakinta bayan kasuwar Suk al-Arabi, ba magani ba ruwa. Waɗanda suka raka ta sun ga ta shiga jirgin. A wannan gaɓar kuwa ba wanda ya ga sun sauka.

Tun daga ranar ba a shimfiɗa tabarmar makoki a gidan ba. Tsohon ya hana. Ya ce ɗansa yana raye, kama shi aka yi, za a sako shi, kuma duk wadda ta yi kuka a gidansa mugun fata take yi wa yaron. Kana iya cewa ƙauna ce, uba ne. Amma bakin da ke cewa yana raye da safe, shi ne da yamma yake cewa, "Ke kika aike shi. Tsohuwar da ta gama cin zamaninta, kika ba da namiji sukutum a kanta." Yana faɗa yana kurɓar shayin da ita ta dafa masa.

Ta taɓa zuwa gaban alƙali a ɓoye. Ya ce ta kawo shaida, ko kuma ta jira shekarun da shari'a ta yanka wa matar wanda ya ɓata. Wanta Rashid da ke Gadarif ya ce ɗaki na nan yana jiranta, amma shi ba zai ɗauke matar aure daga gidan mijinta ba sai da magana tsayayya. Usta Dauda kuma ya ce in tafiya take so ƙofa a buɗe take, sai dai Rahaf, 'yar Ilyasu, ko bakin titi ba za ta taka ba har ubanta ya dawo. Ni'mat ba ta neman komai a duniyar nan sai a tabbatar mata mijinta da uwarta sun mutu. Ta yi takabarta, ta zauna a ƙasa a zo a yi mata gaisuwar uwa da ta miji kamar kowace 'yar Adam, ta ɗauki 'yarta ta tafi.

Da ta isar masa da saƙon Hazim, tsohon ya sa rawaninsa ya ce ta koma wankinta.

"Baba, zan bi ku," in ji ta.

"Ki yi me? Inji kika sani?"

"Uwata ma tana cikin jirgin."

Ya harare ta, amma bai hana ba. Suka tari raksha, babur ɗin haya mai ƙafa uku, ta takure a gefe ta ja tobinta, dogon mayafin da ta lulluɓa, ta rufe rabin fuska.

Sai an san waye Usta Dauda. Makanikin dizal ne, ba janareto ko injin ban ruwa a unguwar da bai sa wa hannu ba. Taƙamarsa ɗaya ce, ba ya karanta lambar inji. Ya ce wannan aikin yaran makarantar koyon sana'a ne. Shi kunne yake kasawa, ya kalli ƙira, ya faɗa maka sunan injin da shekarunsa. Sau da yawa yana dacewa, gaskiya dai gaskiya ce, kuma abin da ya lalata shi ke nan. To kamfanin da ya ƙera injin jirgin likita ya fitar da iri biyu masu silinda biyu, kamar an tsaga kara. Makanikai suna ce wa ɗaya Sha Takwas, ɗayan Ashirin. Fenti ɗaya, tsayi ɗaya, kuka kusan ɗaya. Bambancin a ciki yake, kuma daga ciki akwai 'yar farfelar roba da ke cikin famfon ruwa, wadda take zuƙo ruwan kogi ta sanyaya injin. Ta Ashirin ta fi kauri kaɗan.

Ni'mat ba ta san wannan duka ba a lokacin, amma ta san rigimar da aka yi a tsakar gidansu ana gobe Ilyasu zai tafi. Ya dawo da yagaggiyar farfela a aljihu, kantuna duk a rufe. Uban ya zazzage gwangwaninsa ya zaro wata sabuwa. Ilyasu ya jujjuya ta.

"Baba, kamar wannan ta fi siriri. Bari in kankare fentin da ya rufe lambar, mu gani."

Maƙwabta biyu suna zaune suna shan jabana, gahawar gargajiya. Usta Dauda ya ajiye finjalinsa.

"Ni za ka karanta wa lamba? Ina sauraron injin nan tun kana zubar da majina. Sha Takwas ne."

Ilyasu ya bar zancen, don ba a yi renonsa da musu da uba a gaban baƙi ba. Da gari ya waye tsohon da kansa ya bi shi bakin ruwa ya ɗaura farfelar. Inji ya tashi, ruwa ya fita ta baya. Daga nan ba wanda bai ji labarin ba a Alsawra, yadda yaran zamani ke neman lamba, Usta kuwa da kunne ya gama magana. A cikin rakshar ma sai da ya maimaita wa direba.

Sun iske jirgin a kwance ta gefe ɗaya a kan laka, yana wari. Wuta ta ci samansa, suna ya tafi, fenti ya tafi, jikin duk huda. Ni'mat ta leƙa ciki tana addu'ar ta ga wani abu, ko tsumma ne. Ba komai sai taɓo da bawon kifi, kogi ya wanke sauran. Hazim, wani dogo mai giɓi, ya gaishe su da Larabci sannan ya juya Hausa da ya ji tsohon yana yi, yana kiransa ammu, wato baffa.

"Ya ammu, irin jiragen nan da yawa aka kawo su lokaci ɗaya, gangar jikinsu duk ɗaya ce. Inji ne kaɗai zai raba. Na ji labarin ɗanka, shi ya sa ban sa masa wuta na yanka ba."

Ya riga ya ciro injin ya ɗora a kan tsofaffin tayoyi, ya watsa masa ruwa. Usta Dauda ya tattare jallabiyarsa ya tsuguna. Ya daɗe yana kallo. Ya shafa kan silinda, ya bi bututun mai da yatsa. Ni'mat tana kallon bayan wuyansa, ta ga yadda ya sunkuya a hankali.

"Sha Takwas ne," ya ce, da wata murya da ba ta taɓa ji a bakinsa ba. "Inna lillahi. Sha Takwas ne, ya Hazim."

Ta zauna a kan lakar da tobinta. Kukan da ta riƙe tun ranar farko ya taso mata, kuma tare da shi wani sauƙi da ta ji kunyarsa. Za a shimfiɗa tabarma. Za a kira sunan uwarta a yi mata addu'a.

Da Hazim ya bar zancen a nan, da shi ke nan. Amma shi mai sayar da ƙarfe ne, masu sayen kayan gyara kuma sai sun tambaye shi lamba. Ya ɗauki wuƙa ya shiga kankare wani wuri a gefen injin, inda fenti ya hau fenti shekara da shekaru. Fentin ne ma ya kare ɗan farantin daga tsatsa. Ya tofa yawu ya goge da babban yatsa, ya kanne ido.

"A'a, Usta. Ashirin aka rubuta."

"Duba dai."

"Ga shi nan, biyu da sifiri. Wallahi ni ma da ido Sha Takwas zan ce."

Tsohon bai matsa ya duba ba. Hazim kuwa abin ya riga ya ja hankalinsa. Ya ce tun jiya yake mamakin yadda kan silindar ya tsage, wannan ba aikin harsashi ba ne, zafi ne. Ya ɗauko sukundireba da guduma ya yi ta fama da murfin famfon ruwa har kusoshin suka saki. Ya zaro abin da ya rage na farfelar, ɗan ƙarfen tsakiya da guntayen roba, ya mayar cikin gurbinta yana kaɗawa.

"Dubi giɓin nan! Ta Sha Takwas ce aka cusa wa Ashirin. A bakin gaɓa za ta ja ruwa lafiya lau, ka ce an gama aiki. Amma ka loda mutane ka shiga ƙarfin ruwan Mugran, zafi zai kashe injin a tsakiya. Su tsaya cak, ba shira'i, gaɓa biyu duk bindiga." Ya girgiza kai. "Bayin Allah. Allah ya isa tsakaninsu da jakin da ya ɗaura wannan."

Ya miƙa wa tsohon murfin, tagulla ne, zagayayye kamar bakin kofin shayi. Ni'mat ta riga ta miƙe tana tsaye a bayansa, kuma ta gani kafin ya juya shi. Ɗigo uku, biyu a ƙasa ɗaya a sama, an buga su da ƙusa. A Alsawra tukwane yawo suke yi, yau gidan biki gobe gidan mutuwa, kowane gida da alamarsa don kayansa su dawo. Usta Dauda da ƙusa da guduma ya yi wa na gidansa, kuma haka yake yi wa duk murfin da ya taɓa buɗewa. Kullum sai ta wanke ɗigon nan uku a gindin tukunyar miya.

Ya ɗora babban yatsansa a kansu ya danne.

Ta ga fuskarsa. Ya sani. Idanunsa suna kan ruwa, can tsakiya inda ya fi gudu. Na ɗan lokaci har ta tausaya masa, Allah ya sani, don ba ta taɓa ganin tsufa ya faɗo wa mutum lokaci ɗaya haka ba. Sai ya ja numfashi ya miƙe ya kakkaɓe jallabiya.

"Ba shi ba ne," ya ce.

Hazim ya ɗago. "Usta, yanzu fa ka ce..."

"Na ce ya yi kama. Jirgin ɗana Sha Takwas ne, ba wanda bai sani ba a Alsawra. Wannan Ashirin ne, kai da bakinka ka karanta. Alhamdu lillahi. Allah ya jiƙan masu shi."

"Baba," in ji Ni'mat. "Ku ɗaga yatsanku."

Bai ko waiwayo ba.

Ta zagayo gabansa ta durƙusa a cikin taɓo, ta rage murya yadda Hazim ba zai ji ba. "Ba zan gaya wa kowa zancen farfela ba. Wallahi tallahi, ko Inna matarku ba za ta ji a bakina ba. Ku ce harsashi ne, ai ga hudar nan kowa na gani. Ku ce nasa ne kawai, Baba. Ku bar ni in yi musu kuka."

Shi kuwa ya ɗaga tasa muryar, har masu wankin mota can gefe suka juyo.

"Wace farfela? Jama'a ku zo ku ga mace tana roƙo a kashe mata miji! Wa kika ajiye a Gadarif da kike wannan sauri? Ba ki ƙoshi ba da kika tura shi, sai kin binne shi da rai?"

Ya ɗaga hannu ya wurga murfin. Tsoho ne, amma hannun makaniki ne, ya tafi da nisa kafin ya faɗa ruwa.

Ta juya wurin Hazim. "Kai ka gani. Ka ga alamar. Za ka faɗa wa alƙali?"

Hazim ba wawa ba ne, ya gane komai tun da ya ji tsinuwarsa ta faɗa a kan wanda ke tsugune kusa da shi. Amma shaida tana jawo hukuma, hukuma kuma in ta zo bakin ruwa da ƙarfen duka take tafiya. Ya sunkuyar da kai yana goge wuƙarsa a wando.

"Ya ukti, ni ƙarfe na sani. Usta ya fi ni sanin injin ɗansa."

"Yanka ka sayar," in ji tsohon. "Ba namu ba ne."

Kafin su kai titi ta ji ƙarar guduma a bayansu. Suka hau raksha. Har suka shiga Alsawra ta zuba masa ido, tana jiran ya karye ya faɗi gaskiya kafin su isa. Suna shan kwanar layinsu sai ya leƙa kai waje ya fara shela tun kafin raksha ta tsaya.

"Ba nasa ba ne! Ku taya mu godiya, ba nasa ba ne!"

Hadizatu, uwar Ilyasu, ta fito ba takalmi ta rangaɗa guɗa. Maƙwabta suka cika gidan. Usta Dauda ya zauna a kan angarib, gadon saƙar igiya, a tsakar gida yana ba da labari, yadda wani yaro mai tsintar ƙarfe ya so ya ruɗe su da Ashirin, shi kuwa kallo ɗaya ya yi. Mutanen nan biyu da aka yi rigimar farko a gabansu suka gyaɗa kai, suka ce ƙwarai, su shaida ne, Sha Takwas Usta ya ce tun ranar. Aka ɗora tukunyar balila, dafaffen wake, za a raba sadakar godiya. Wani ya ɗaga Rahaf sama yana ce mata babanta na hanya, yarinyar ta zagaya gida da gudu tana gaya wa kowa.

Ni'mat ta tare surukarta a madafa, su biyu kaɗai.

"Inna, alamar Baba tana kan injin. Da idona na gani."

Hadizatu ta ci gaba da tsince wake. "Alamarsa tana kan rabin injinan kogin nan."

"Inna, ya gane shi. Sai da ya yi salati."

"Usta bai taɓa kuskuren inji ba." Ba ta ɗago ba, hannunta dai ya ƙara sauri a cikin faranti. Can ta ture shi gefe ta kamo hannun Ni'mat ta juya tafin, ta dubi ƙafafunta masu taɓo. "Dubi jikinki, fari fat kamar mai takaba. Shi ya sa mugun tunani ke zuwar miki. Matar mai rai ba ta zama haka."

Ta ƙwala wa wata maƙwabciya kira ta ce a kwaɓa lalle.

A Omdurman lalle a ƙafa shi ne shaidar mace tana da miji. Ni'mat ta ce ba ta so, ta ce kanta na ciwo, ta ce a bari sai gobe. Matan suka yi dariya suka ce kunya ce. Suka wanke mata ƙafa, suka zaunar da ita a kan angarib a baranda, ɗaya ta riƙe ƙafar dama ɗaya ta hagu, aka ɗora mata hannuwa a kan matashi. Lallen da sanyi. Suna shafawa suna waƙa, ƙamshin turaren mahalabiya ya cika wurin, ana tsokanarta cewa Ilyasu in ya dawo ba zai fita ɗaki ba sai an yi sati.

Usta Dauda ya zo ya tsaya a bakin baranda. Bai dubi fuskarta ba, ƙafafun ya duba.

"A maimaita mata gobe ya yi baƙi sosai," ya ce wa matarsa. "Kuma kar a bari ya goge. Duk sanda ya fara koɗewa a sake, har ya dawo."

Hawayen suka zubo mata, na uwarta da na mijinta, ba ta da hannun sharewa don duka biyun suna cikin lalle. Suka gangara ta haɓa suna ɗiga a tobi. Wata daga cikin matan ta ce Allah sarki, kukan murna ne, ku ƙyale ta. Kafaɗunta suka fara girgiza, sai Hadizatu ta danne mata gwiwa da ƙarfi.

"Zauna daidai," ta ce. "Za ki ɓata lallen."